Jiki da Dutse a Gaban Ruwa: Tarihin Wani Awo

Gabatarwa

Tun zamanin da ɗan Adam ya fara zama a bakin kogi ya san cewa in aka jefa tsakuwa a ruwa sai ta nufi ƙasa, in kuwa guntun itace aka jefa sai ya bi saman ruwa ya wuce. Babu gardama a kan waɗannan biyu. Inda magana ta rikice shi ne a kan jikin mai rai. Wani yakan faɗa ruwa ya nutse, wani ya faɗa a wuri guda ya taso. Dabbar da ta mutu a kogi takan nutse da fari, bayan 'yan kwanaki ta kumbura ta bayyana a sama. Kifi kuwa yakan tsaya cak a tsakiyar ruwa, bai hau ba bai sauka ba.

Ƙa'idar auna dutse da ƙarfe ta samu tun fiye da shekara dubu biyu da suka shige, amma awon jikin mutum mai rai bai daidaita ba sai a 1942. A tsakanin nan an yanke wa mutane hukunci, an kashe wasu, an ɓata sunan wasu, duk bisa ga abin da ruwa ya yi da jikinsu. Wannan lacca za ta bi sawun yadda aka cike wannan tazara, da dalilin da ya sa ta daɗe haka.

Ma'anar danƙarewa

Kowace mai awo a kasuwa ta san mudun gero da mudun dusa girmansu ɗaya, nauyinsu dabam. Wannan bambanci shi ake nufi da danƙarewa, watau yawan nauyin da ke cushe a cikin gurbin da abu ya ci. Masana sun ɗauki ruwa ya zama abin gwaji, domin lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Saboda haka danƙarewar ruwa 1 ce. Abin da ya haura 1 zai nutse, abin da ya gaza 1 zai taso.

Dutsen fa, irin na Kufena a Zariya, wanda masana ke kira giranit, danƙarewarsa wajen 2.7 ce. Baƙin dutsen da ke daskarewa daga aman wutar ƙasa yakan kai 3. Baƙin ƙarfe 7.9 ne, azurfa 10.5, zinariya 19.3. A jikin dabba kuwa, kitse 0.9 ne, tsoka da jini wajen 1.06, ƙashi mai tauri wajen 1.9. In aka haɗa su gaba ɗaya, jikin mutum yakan faɗa tsakanin 1.02 da 1.10, muddin an cire lissafin iskar da ke cikin huhu.

Alal misali, a ɗauki mutum mai kilo 70 wanda danƙarewarsa 1.05 ce bayan ya fitar da numfashi. Gurbinsa a ruwa ya kusa lita 67, nauyin da ya rage masa a cikin ruwa kuwa kilo 3 ne da 'yan kai. In ya shaƙi iska lita 4, gurbinsa ya haura lita 70, sai ruwa ya ɗaga shi. Dutsen fa mai kilo 70 gurbinsa lita 26 ne kawai, yana da sauran nauyin kilo 44 a cikin ruwa. Da za a sassaƙa siffar wannan mutum da dutsen, daidai girmansa, da nauyinta ya kai kilo 180. Dutse ya yi wa ruwa nisa, shi ya sa hukuncinsa bayyananne ne. Jiki kuwa a bakin iyaka yake zaune, numfashi ɗaya ya isa ya ƙetarar da shi. Duk tarihin da ke tafe a kan wannan 'yar tazara ya ginu.

Hukuncin kogi

Kafin a san awo, mutane sun ɗauki abin da ba su iya kintatawa a matsayin bakin gaibu. A cikin dokokin Hamurabi, Sarkin Babila, waɗanda aka sassaƙa a kan dutse wajen shekara ta 1750 kafin Miladiyya, an tanadi cewa wanda aka zarga da sihiri ba tare da shaida ba sai ya faɗa kogi. In kogi ya ci shi, mai ƙara ya ɗauki gidansa. In ya fito lafiya, a kashe mai ƙara. A nan nutsewa ita ce alamar laifi.

A Turai ta tsakiyar zamani sai hukuncin ya juye. Akan ɗaure wanda ake tuhuma, a zura shi cikin ruwan da aka yi wa addu'a. In ya nutse, ruwa ya karɓe shi ke nan, sai a jawo shi da igiya a wanke shi daga laifi. In ya taso, ruwa mai tsarki ya ƙi shi. Hinkimar, babban limamin Kirista na birnin Rims a ƙarni na 9, ya yi rubutu yana kare wannan gwaji. Dokar Kilarandon ta 1166 ta sa shi a cikin tsarin shari'ar manyan laifuffuka a Ingila. A 1215 babban taron cocin Roma ya hana limamai sa hannu a ciki, sai gwajin ya mutu a kotuna. Amma ya sake farfaɗowa a zamanin farautar mayu. Sarki Jemis na Sikotlan ya goyi bayansa a littafinsa na 1597, kuma Matthew Hopkins, wanda ya yi suna da farautar mayu a gabashin Ingila tsakanin 1645 da 1647, ya yi aiki da shi. Manufarsa ɗaya da ta shan gwaska da aka sani a ƙasar Hausa a dā, watau a bar wani abu wanda ba mutum ba ya yanke hukunci.

Ruwa ɗaya, jiki iri ɗaya, amma Babila ta ce mai laifi ke nutsewa, Turai ta ce mai laifi ke tasowa. Abin da ruwan yake aunawa a gaskiya shi ne yawan kitse, da iskar huhu, da iskar da tufafi suka riƙe. Da yake jikin mace ya fi na namiji kitse a bisa galibi, mata sun fi saurin tasowa, kuma su ne akasarin waɗanda aka zarga da maita.

Arshimidas da kambin sarki

Aristo, masanin Girka (384 zuwa 322 kafin Miladiyya), ya koyar da cewa kowane abu haɗi ne na ƙasa da ruwa da iska da wuta, kuma kowanne yana neman mazauninsa na asali. Dutse ƙasa ta rinjaya a cikinsa, don haka yake sauka. Bayanin yana da daɗin ji, sai dai ba ya ba da lamba. Ba zai gaya wa mai jirgi buhu nawa zai ɗora kafin jirginsa ya nutse ba.

Lambar ta zo daga Arshimidas, mutumin Sirakusa a tsibirin Sisili, wanda ya rasu a 212 kafin Miladiyya. A cikin littafinsa kan abubuwan da ke yawo a saman ruwa ya kafa ƙa'idar da har yau ake koyarwa da sunansa: duk abin da aka tsoma a ruwa yakan rasa nauyi daidai da nauyin ruwan da ya ture daga gurbinsa. Labarin da ya fi shahara game da shi, na kambin Sarki Hiyero wanda aka yi zargin maƙeri ya gauraya zinariyarsa da azurfa, ba ya cikin rubuce-rubucen Arshimidas. Bitrubiyas, masanin gini na Roma, shi ya ba da shi wajen shekara ɗari biyu daga baya. Ko yaya labarin ya kasance, lissafin da ke bayansa daidai ne. Kilo ɗaya na zinariya gurbinsa mililita 52 ne, na azurfa 95. Kambin da aka yi wa algus dole ya fi na gaskiya gurbi, ko da nauyinsu ɗaya a sikeli.

Abin lura shi ne cewa an fara wannan awo domin dukiyar sarki. Zinariya ba ta numfashi, ba ta motsi, ba ta shan ruwa, kuma tazararta da ruwa babba ce. Abu mafi sauƙin aunawa shi aka fara aunawa, kuma shi ne wanda masu mulki suka fi damuwa da shi.

Biruni da Mizanin Hikima

Malaman daular Musulunci su suka mai da ƙa'idar Arshimidas jadawalin lambobi. Abu Raihan al-Biruni, wanda aka haifa a Khwarizm a 973, ya yi aiki a fadar Gazna ta ƙasar Afganistan ta yau. Ya ƙera wani kasko mai faɗin gindi da tsukakken wuya, da ɗan bututu a gefe. Yakan cika shi da ruwa, ya jefa abin da ya riga ya auna, sa'an nan ya auna ruwan da ya tsiyayo ta bututun. Da wannan ya fitar da danƙarewar ƙarafa da duwatsu masu daraja, irin su zinariya da zaiba da yakutu. Ya sami zinariya ta ninka ruwa sau 19 da ɗoriya, abin da ya yi kusa ƙwarai da awon yau. Ya kuma lura cewa ruwan sanyi da ruwan zafi ba su ba da sakamako ɗaya.

Bayansa sai Abdurrahman al-Khazini, bawa ne ɗan asalin Rum wanda aka 'yanta, ya zama masani a birnin Marw. Wajen 1121 ya kammala littafinsa Mizanul Hikima domin baitulmalin Sultan Sanjar. Sikelin da ya bayyana yana da faranti biyar, ɗaya daga ciki a tsome a ruwa, kuma aikinsa gane jabun duwatsu da gaurayen ƙarfe. An ruwaito cewa wani masani da ya gabace shi, al-Isfizari, ya ƙera irin wannan sikeli, sai ma'ajin sultan ya ji tsoron kada asirinsa ya tonu, ya farfasa shi, baƙin ciki kuma ya kashe maƙerin. Ma'auni mai gaskiya bai taɓa rasa maƙiya a wurin ajiyar dukiya ba.

Muhimmancin Khazini ga wannan tarihi shi ne bai tsaya a kan ma'adinai ba. A jadawalinsa, kusa da ƙarafa da duwatsu, akwai man zaitun da zuma da madarar shanu da hauren giwa da jinin mutum mai lafiya, wanda ya sa a kan 1.033. Awon yau ya fi haka kaɗan, amma abin da lambar ta nuna bai sake ba: jini ɗan'uwan ruwa ne na kusa. Abin da ya fito daga jikin dabba ya hau sikeli ɗaya da yakutu. Turawa ba su san cikin wannan littafi ba sai bayan tsakiyar ƙarni na 19, sa'ad da Khanikoff, ƙaramin jakadan Rasha a Tabriz, ya buga wasu sassansa tare da fassara.

Galileyo da sirrin kifi

Galileyo na Italiya (1564 zuwa 1642) ya fara aikinsa na ilmi da wannan matsala. A 1586 ya rubuta 'yar maƙala a kan sikelin ruwa, inda ya nuna shakka cewa Arshimidas ya dogara ga ruwan da ya malala, domin hanyar ba ta da ƙwari. A 1612 ya yi jayayya da mabiya Aristo na birnin Fulorans, waɗanda suka ce ƙanƙara tana tasowa ne saboda faɗin siffarta. Galileyo ya nuna cewa siffa ba ta da hukunci, ƙanƙara ta fi ruwa sauƙi ne kawai.

A littafinsa na ƙarshe, wanda aka buga a Holan a 1638, ya juya ga jikin dabba. Ya nuna cewa in aka ninka tsawon dabba da faɗinta da kaurinta sau biyu, nauyinta zai ninku sau takwas, ƙarfin ƙashinta kuwa sau huɗu kawai. Saboda haka akwai iyakar girman da dabbar tudu za ta kai kafin ƙashinta ya karye da nauyin kanta. To, me ya sa manyan dabbobin teku, irin wadda Turawa ke kira wel, suka fi giwa girma nesa ba kusa ba? Amsarsa ita ce ruwa ya ɗauke musu nauyi. Ya ce tun da ƙashin kifi ya fi ruwa nauyi, kuma kifin yana tsayawa a tsakiyar ruwa, lalle sauran jikin ya fi ruwa sauƙi. A yau an san cewa tsokar ma ta ɗan fi ruwa nauyi, kitse da mai da iska su ke yin ɗagawar. Duk da haka ya dubi jiki a matsayin haɗin sassa masu danƙarewa dabam-dabam, waɗanda jimlarsu ke yanke hukunci.

Borelli, wanda aka buga littafinsa kan motsin dabbobi a 1680 da 1681 bayan rasuwarsa, ya yi bayanin jakar iskar da ke cikin kifi, wadda duk mai gyaran kifi ya sani. Kifin da jakarsa ta fashe ba ya iya tasowa, sai ya zauna a ƙasa. Bincike na baya ya nuna jakar takan ci wajen kashi 5 cikin 100 na gurbin kifin teku, da wajen kashi 7 a kifin kogi, domin ruwan gishiri, mai danƙarewar 1.025, ya fi ɗaga abu. Kifin shak ba shi da wannan jaka, sai ƙatuwar hanta cike da mai.

Dutsen da ke cikin jiki

Wajen 1770 masana biyu na ƙasar Suwidin, Gahn da Scheele, suka gano cewa abin da ke taurara ƙashi ma'adini ne, haɗin alli da fosfaras. Wajen kashi biyu cikin uku na nauyin ƙashi wannan ma'adini ne, kuma shi kaɗai danƙarewarsa ta haura 3. Farin rufin haƙori ya kusa 3, watau ya fi dutsen fa. A cikin kunnen mutum akwai 'yan ƙwayoyin farar ƙasa masu danƙarewar 2.7, waɗanda saboda sun fi ruwan kunne nauyi suke zamewa in kai ya karkata, su sanar da ƙwaƙwalwa ina ne ƙasa. Ashe iyakar da ke tsakanin jiki da dutse a cikin jikin ta ratsa.

Wasu dabbobin ruwa sun ƙara rabonsu na dutse. Ayu, wanda ake samu a kogin Binuwai da na Kwara, yana da manyan huhu da ke ɗaga shi, ga shi kuwa abincinsa ciyawar ruwa mara zurfi. Haƙarƙarinsa masu kauri ne, a toshe, babu kogon ɓargo, su ke riƙe shi a inda abincinsa yake. Dorina ma ƙasusuwanta masu nauyi ne, shi ya sa take tafiya a kan ƙasan kogi tana tunkuɗa da ƙafa. A 1817 masanin Faransa Blainville ya sami guntun ƙashin bakin wani irin wel, nauyinsa ya ba shi mamaki har ya raɗa wa dabbar suna da danƙarewar bakinta. Awon zamani ya sa wannan ƙashi kusa da dutsen fa.

Kada kuwa dutsen yake haɗiya. Hugh Cott, wanda ya buga bincikensa kan kadojin Uganda da Rodeshiya ta Arewa, watau Zambiya ta yau, a 1961, ya sami duwatsu a cikin manyan kadoji da suka kai wajen kashi 1 cikin 100 na nauyinsu, ya ce suna taimaka musu wajen nutso. Wasu masana suka ce nauyin ya yi kaɗan, aikin duwatsun niƙa abinci ne. A 2019 wani gwaji da aka yi a Amurka da ƙananan kadojin can ya nuna cewa duwatsu masu kashi 2.5 na nauyin jiki sun tsawaita zamansu a ƙarƙashin ruwa ƙwarai, domin sun ba su damar nutsewa da huhu cike da iska.

Akwai kuma inda jiki yake komawa dutse ɗungum. Ibn Sina (980 zuwa 1037) ya yi magana a Kitabus Shifa kan dabbobi da tsirrai da suka zama dutse. Steno, likita ɗan Denmak da ke aiki a Fulorans, ya feɗe kan wani ƙaton shak, a 1667 ya nuna cewa wasu duwatsu masu siffar harshe da ake tonowa a ƙasa haƙoran shak ne na dauri. Yadda abin ke faruwa shi ne ruwan ƙasa mai ɗauke da ma'adini yakan ratsa ƙofofin ƙashin da aka binne, ya cike su sannu a hankali. A Gadufawa, cikin hamadar Tenere ta ƙasar Nijar, inda Philippe Taquet ya fara tono a tsakiyar shekarun 1960, an sami ƙasusuwan wani ƙaton kada na wajen shekara miliyan 110 da suka shige. Siffarsu ta ƙashi ce, nauyinsu na dutse. A ɗaya gefen kuma akwai dutsen kumfa, wanda iska ta cika ƙofofinsa. Bayan fashewar dutsen Karakatawu na Indunisiya a 1883, irin wannan dutse ya yi ta yawo a saman teku har ya kai gaɓar gabashin Afirka.

Awon mutum mai rai

A 1751, kusa da garin Tirin a Ingila, taron jama'a ya kama wata tsohuwa, Ruth Osborne, bisa zargin maita, aka yi ta tsoma ta a kududdufi har ta mutu. Hukuma ta rataye Thomas Colley, wanda ya ja gaba a aikin. Shekara shida kacal bayan haka, a 1757, John Robertson ya gabatar wa Ƙungiyar Masana ta Sarki a Landan sakamakon wani gwaji. Ya auna maza goma a sikeli, ya sa kowanne ya nutsa a cikin kwatarniyar da aka san girmanta, ya duba inda ruwa ya hau. Tambayarsa ta ceton rai ce: itace nawa mutum yake bukata ya riƙe don kada ya nutse? Ya sami akasarinsu sun fi ruwa sauƙi. Lambobinsa sun yi ƙasa da gaskiya, domin mutanen sun shiga da iska a ƙirji kuma hanyar ba ta da ƙwari, amma ya nuna cewa tasowa a ruwa halin jikin mutum ne na yau da kullum. Daga wannan tambaya rigar ceto ta fito. A 1854 Kyaftin Ward na hukumar jiragen ceto ta Ingila ya ƙera riga da ɓawon itacen nan mara nauyi da ake toshe bakin kwalba da shi. Masuntan Argungu sun daɗe da sanin wannan amsa, su da ke kwanciya a kan gora su ratsa ruwa.

Wanda ya warware matsalar iskar huhu shi ne Albert Behnke, likitan sojan ruwan Amurka, ɗaya daga cikin waɗanda suka yi aikin ceton mutanen jirgin ƙarƙashin ruwa Squalus a 1939. Damuwarsa ciwon da ke kama masu nutso in sun taso da gaggawa, wanda iskar naitirojin ke jawowa. Wannan iska ta fi narkewa a kitse fiye da ruwa wajen sau biyar, don haka yana bukatar sanin yawan kitsen kowane mai nutso. Sai ya koma ga Arshimidas. Yakan auna mutum a sarari, ya sake auna shi a ƙarƙashin ruwa bayan ya fitar da numfashi, sa'an nan ya cire lissafin iskar da ta rage a huhu. A 1942 shi da abokan aikinsa suka buga awon maza 99, daga 1.021 zuwa 1.097. Jiki ya zama kambin Hiyero ke nan, kitse yana matsayin azurfa, tsoka da ƙashi suna matsayin zinariya.

A shekarar nan kuma suka buga awon ƙwararrun 'yan wasan ƙwallon Amurka 25. Bisa jadawalin tsawo da nauyi da hukuma ke aiki da shi, 17 daga cikinsu sun yi ƙiba da yawa, ba su cancanci aikin soja ba. Ruwa ya nuna cewa nauyin nasu tsoka ce da ƙashi. Jadawalin ofis ya auna nauyi, ya ɗauka kitse ya auna. A 1956 William Siri ya ba da lissafin da ake bi: a raba 495 da danƙarewar jiki, a debe 450, abin da ya rage shi ne kitse cikin 100. Mai 1.05 yana da wajen kashi 21, mai 1.07 wajen kashi 13.

Wannan lissafi ma yana da iyakarsa. Ya ɗauka cewa jikin kowa, in an cire kitse, danƙarewarsa 1.100 ce, lambar da aka samo daga gawarwaki 'yan kaɗan na Turawa. A 1984 Schutte da abokan aikinsa suka ba da 1.113 ga samarin baƙaƙen fata na Amurka da suka auna. Irin wannan bambanci wasu suka riƙe suna cewa baƙar fata bai dace da iyo ba. Al Campanis, wani babban jami'in ƙungiyar wasa a Amurka, ya faɗi haka a talabijin a 1987, ya rasa muƙaminsa cikin 'yan kwanaki. Lissafi kaɗan ya isa amsa. Ga mai kilo 60 na tsoka da ƙashi, bambancin 1.100 da 1.113 bai wuce kashi biyu cikin uku na lita ba, watau kusan numfashi ɗaya na mai zaune. Sarkawan Yawuri da masuntan Kabi shaida ne cewa iya ruwa koyo ne.

Kammalawa

Daga Arshimidas zuwa Behnke shekara dubu biyu ne da ɗari da ɗoriya, alhali ƙa'idar ɗaya ce ba ta sake ba. Abin da ya jawo jinkirin iri biyu ne. Na farko, jiki yana da wuyar awo, domin yana kusa da ruwa, yana numfashi, kuma kuskuren lita ɗaya ya isa ya ɓata sakamako. Na biyu, masu iko sun fi gaggawar sanin gaskiyar zinariyarsu fiye da gaskiyar jikin talakansu. An auna yakutu daidai a Gazna ƙarni bakwai kafin mutuwar Ruth Osborne.

Ga ɗalibi, tarihin ya nuna cewa kafin a yarda da hukuncin ma'auni sai an tambayi abin da yake aunawa a haƙiƙa, da kuma a kan wa aka gwada shi. Kogin Babila da kududdufin Tirin da jadawalin sojan Amurka duk sun ba da sakamako, kuma duk an karanta a ciki abin da babu. Ga ma'aikacin hukuma, tambayar Robertson tana nan da ranta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wajen mutum 300,000 suka mutu ta hanyar nutsewa a 2021. Mutumin nan mai kilo 70 da aka yi misali da shi, kilo 3 da 'yan kai ne kawai ke jan shi ƙasa, kuma rigar ceto ta babban mutum tana ɗaga kilo 10 zuwa 15. Hausawa sun ce iya ruwa fid da kai. Ga fasinjan jirgin kwalekwale wanda bai iya ba, waɗannan 'yan kiloli su ne abin da dokar sufurin ruwa ta wajaba ta tanadar masa.